Hannun Hagun Baba Nomau

Tun da hantsi nike jin ku kuna musu a shagon gem ɗin nan, har kun hana ni gyangyaɗi. Wai injin wasan da za ku sayo iri biyu ne, ɗaya yana cin sabon faifai, ɗayan ba ya ci, kuma mai cin faifan ya fi tsada nesa ba kusa ba. Rabinku na cewa kamfanin ya yi wauta da ya liƙa mashi abin da zai kori masu saye, rabinku na cewa in ba a sa ba gobe za a yi da-na-sani. To ni Iro mai rediyo, wannan musun na yi shi tun ba a haifi iyayenku ba, kuma ba da baki kawai na yi shi ba, da jarina na yi. Ku jawo bencin nan ku zauna, kai kuma ka aje wayar nan ko na minti ɗaya ne.

Ku a ganinku gyara abu ne mai sauƙi: a kwance murfi, a cire abin da ya ƙone, a danna sabo, a rufe. Mu ba haka muka koya ba. A Funtuwa na yi koyo, wajen wani dattijo mai ƙarancin magana, Allah ya jiƙan shi. Ba wutar lantarki a shagonmu, ƙarfen da muke narka dalma da shi a garwashi ake gasa shi. In ya yi ja da yawa ya ƙone waya, in bai yi zafi ba dalmar ta dunƙule ta ƙi kamawa, sai ka kawo shi kusa da kuncinka ka ji zafin kafin ka taɓa komai. In aka kawo rediyo, maigida ba ya barin ka ɗauki sukudireba. Sai ya ce shinshina. Wayar da ta ƙone warinta daban, batirin da ya zube warin shi daban, wadda kyankyasai suka yi gida a ciki ita ma daban. Bayan hanci sai kunne, hannu shi ne na ƙarshe.

Da na dawo Ƙanƙara na buɗe nawa shagon, sai Allah ya haɗa ni da Malam Sule kafinta, mutumin Mabai. Shagon shi na jikin nawa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga tsantseni, ba ya yar da ƙusa ko ta lanƙwashe, sai ya miƙe ta ya aje. Shi ya fara cewa mu haɗa hannu. Ni in sayo kayan cikin rediyo da garmaho da lasifika daga Zariya, shi ya ƙera masu akwati na katako mai ƙafafu, ya goge, ya shafa mai har ka ga fuskarka. Batirin mota muke sa mashi. In an yi biki a aza faifai, allura ta hau, unguwa duk ta ji. Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa ƙasa, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, manomi ma ya sayar da auduga da daraja, kowa na son a ce a gidan shi akwai abin kiɗa. Mun kai akwatunan nan kasuwar Faskari, mun kai Sabuwa, har Damari mun kai a bayan a-kori-kura, muna riƙe da su kamar masu jego saboda ramukan hanya.

Sai kaset ya shigo. Ranar da na fara ganin shi a Zariya, mai shagon ya ce in yi magana, na yi sallama, ya danna wani abu, sai na ji kaina ina yi wa kaina sallama. Wallahi sai da na amsa! Na dawo gida ba abin da ke raina sai in sa shi cikin akwatinmu. Matsalar ita ce injin kaset ɗin shi kaɗai ya fi rediyon da garmahon da katakon tsada in an haɗa su.

Malam Sule ya saurare ni har na gama, yana ta fere wani guntun katako, sannan ya ce, “Malam Iro, wa zai saya? Mutanenmu kowa ya tara faifai a ƙarƙashin gado. Kaset ɗin ma ina za su samo shi, sai an je birni. Za ka ɗora wa mutum kuɗin abin da bai tambaya ba.”

Na ce, “Malam Sule, faifai fa abin da mutanen birni suka ga dama shi kake ji. Ga shi rana ta taɓa shi ya lanƙwashe, akuya ta gogi akwati allura ta yi tsalle. Wannan kuwa naka za ka sa a ciki. Nan da baɗi kowa shi zai nema.”

Ya ce, “To mu bari baɗin ta zo mana. Ni dai tuwon bana nike nema.”

Mun daɗe muna wannan ja-in-ja, har wata rana muka ci abinci kowa a shagon shi. A ƙarshe ya sakar mani, don shi mutum ne da ba ya son fitina. Muka zuba abin da muka tara, muka haɗa akwatuna masu rediyo da garmaho da kaset gaba ɗaya. Aikin ya yi kyau, ba don ni na yi ba. Ya yi wa kaset ɗin ƙofa ta musamman mai marfi saboda ƙura.

Ba su sayu ba. Mutum ya zo ya shafa, ya yi magana ya ji muryar shi, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira abokin shi shi ma ya ji, in aka faɗi kuɗi sai ya ce bari ya je ya dawo. Muna cikin wannan sai ga ƙananan rediyoyi masu kaset na ƙasar waje sun cika kasuwa, masu hannun ratayawa, da batirin tocila suke aiki, kuɗinsu bai kai rabin namu ba. Saurayi ya rataya a keke ya wuce ta ƙofar shagonmu yana kiɗa. Suka kashe mana masu kaset, suka kashe mana masu faifan ma. Wannan ita ce muguwar shekararmu. Malam Sule ya koma ƙera ƙyaure da kujerun tsuguno, ni na koma gyaran tocila. Akwatunan na jere a bayan shago mun lulluɓe su da buhu, kaji na kwana a kai. Bai taɓa ce mani “ai na faɗa maka” ba, ko sau ɗaya. Da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Da damina ta sauka, ranar kasuwa, wata tsohuwa ta tsaya a ƙofar shagona da ƙwarya a kai. Malam Sule na hango ta ya taso ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce mani Inna Kande ce, matar Baba Nomau makaɗin gayya, daga wata ungwar Maguzawa a bayan Mabai. Ku ba ku san gayya ba. A tara majiya ƙarfi na ƙauyuka su taru a gona ɗaya su nome ta a wuni, makaɗi na biye da su da ganga. Kowane manomi da taken shi, wato kiɗan da in aka buga ya san da shi ake. Mutum na jin nashi sai tsikar jikin shi ta tashi, ya yi kirari, ya shige gaban sahu. Baba Nomau ya san taken kowa a yankin nan, da na ubannin su. Malam Sule ma da ƙuruciya ya yi noma a gaban gangar shi.

Ta zauna a bakin benci ta ce, “Ɗan nan, an ce kuna da akwati mai ƙara sosai. Haya nike so, ta wuni ɗaya.”

Na ce, “Inna, biki za a yi?”

Ta ce, “Ina fa biki. Tsohon ne. Tun da bazara ya faɗi, ɓarin hagu ya shanye. Bakin ya dawo, ƙafar yana ja, amma hannun ya ƙi. Ga Sarkin Noma ya kira gayya a babbar gona, ya aika Faskari a kawo wani makaɗi. Gonar kuwa a bayan danganmu take.” Ta gyara zaman ƙwaryar a cinyarta. “So nike ranar a kunna mashi abin nan a ɗaki, a ƙure shi, kada ya ji gangar wani a gonar da ya yi wa kiɗa tun yana saurayi. In ya ji, ni na san ba zai ga kaka ba. Tun yanzu ya daina cin tuwo.”

Na tashi zan janye buhu in zaɓar mata wanda ya fi ƙara, sai Malam Sule ya riƙe mani riga. Ya tambaye ta hannun dama fa, ta ce lafiya lau, yana kwance ma yana buga gula a jikin gado. Gula ita ce sandar kiɗa mai lanƙwasa. Da ita hannun dama ke kiran take, hagu kuma na riƙe da gindin kiɗan da yatsu, ba ya tsayawa. Malam Sule ya juyo ya dube ni ya ce, “Wannan abin naka mai tsada da ya tsiyata mu, ba ka ce yana riƙe abin da ya ji ba? To ya riƙe wa tsoho hannu ɗaya mana.”

Kun ji, mutumin da ya ce kada a sa kaset, shi ya fara gano amfanin shi. Ni da na sa, ban taɓa kai tunanina nan ba.

Washegari muka ɗora akwati ɗaya a amalanken da yake ɗaukar katako, muka tura har ungwar. Muka iske Baba Nomau a zaune a gindin rumbu, dogo ne ya rame, hannun hagun na kwance a cinyar shi. Gangar na rataye a ɗaki an rufe ta da tsumma. Da muka yi mashi bayani sai ya yi tsaki ya ce, “Ku 'yan birni ba ku da aikin yi. Akwati ne zai yi mani kiɗa?” Malam Sule ya ce, “A'a Baba, kai za ka yi. Ajiya kawai za ka ba shi.” Inna Kande ba ta jira amsar shi ba, ta shiga ta sauko da gangar ta aje a gaban shi.

Ɗaukar nan ta ba ni wuya fiye da duk wani gyara da na taɓa yi. Na ce ya aje gula, ya buga aikin hagun da tafin dama. Da farko ƙarar ta yi wa abin ɗaukar magana yawa, sai gurnani kawai ke fita. Na naɗe shi da tsumma na kai shi bayan randa. Muka sake, zakara ya yi cara a tsakiya. Muka sake, jaki ya sa baki. Da muka samu mai tsabta na kunna mashi, ya karkata kai ya saurara, ya ce, “Wannan hannun ƙato ne, ba nawa ba. Hagu ba ta duka, lallashi take.” Na mayar da zaren kaset ɗin baya muka goge. Haka muka yi ta yi, yana koya wa damar shi taushin hagu, har inuwar rumbu ta juya. Can ya ji wata ɗauka, sai ya miƙa hannu ya ɗauki gula ya shiga a kai. Inna Kande na tankaɗe a ƙofar ɗaki, ta aje rariyar ta shige ciki, ba ta fito ba sai da muka tashi tafiya.

Saura matsala ɗaya, Baba Nomau ne ya nuna mani ita. Ya ce makaɗi ba ya gudu shi kaɗai, manoma yake bi. Da safe a hankali, in jiki ya yi zafi a ƙara, in rana ta take a sassauta. Akwati kuwa bai san gajiya ba. Na koma shago na ciro maɓallin ƙara murya daga wata matacciyar rediyo, na dasa shi tsakanin batir da ɗan injin da ke juya zaren. In na murɗa dama ya yi sauri, in na murɗa hagu ya lafa. Muryar gangar na ɗan sauyawa, na faɗa mashi, ya ce ita ma fata in rana ta buge ta haka take yi. Muka shirya zan riƙa kallon ƙafar shi ta dama, yadda ta taka haka zan bi.

Malam Sule ya je wajen Sarkin Noma Tanko neman izini. Mutum ne mai faɗa, ƙato, amma ya ji maganar. Ya ce, “Malam, ni ba na ƙi ba ne. Amma in abin nan ya ba da kunya a gaban jama'a, ku za ku tura amalankenku ku koma Ƙanƙara, tsohon ne zai zauna da ita.” A ƙarshe ya ce a ba mu farkon safiya, baƙon makaɗin ya zauna a gindin ɗorawa da gangar shi, in ta ƙi sai ya karɓa.

Ranar gayyar an kwana da ruwa, ƙasa ta yi laushi. Manoma sun jeru da garemani tun daga wannan iyaka har waccan, mata na can gefe da tukwanen kunu. Muka zaunar da Baba Nomau a kan amalanke, ganga a rataye a kafaɗa, akwati a bayan shi. Kafin mu tura, Inna Kande ta zo ta yage bakin zanenta, ta ɗauki hannun hagun ta aza shi a kan fatar gangar inda ya saba zama, ta ɗaure shi a bakin ganga da ƙyallen. Ta ce, “Ba za ka fita gaban mutane da hannu a rataye ba.”

Na danna. Kiɗan hagun da muka ɗauka ya fara fita daga lasifika, tsoho ya ɗaga gula, Malam Sule ya tura. Ƙafar amalanke ta faɗa wani kwari, waya ta zame daga kan batir, komai ya ɗauke. Gula ta sauka sau ɗaya ita kaɗai. Na ji wata mata ta ƙyalƙyale da dariya, na ga baƙon makaɗin ya fara jawo igiyar gangar shi. Baba Nomau bai waiwayo ba, amma na ga bayan wuyan shi ya jiƙe. Ba lokacin neman filaya. Na kama wayar na danne ta a kan batirin da babban yatsa, ɗayan hannun a kan maɓalli, na ce Malam Sule tura. A haka na wuni, a sunkuye ina tafiya a karkace, yatsan har ya yi ƙuna.

Kiɗan ya dawo, ya shiga. Na zuba wa ƙafar shi ido. Ta taka a hankali, na bi. Garemani suka fara sauka tare, ƙasa na juyewa baƙa. Sai ya fara kiran mutane da gula ɗaya bayan ɗaya. In ya buga taken wani, sai ka ga can cikin sahu mutum ya miƙe ya yi ihu, ya ambaci uban shi da kakan shi, ya duƙa ya wuce na kusa da shi. Ƙafar ta ƙara sauri, na murɗa. Zaren ya ƙare daidai lokacin shan kunu, na juya shi baya muka ci gaba. Farkon safiyar da aka ba mu ta wuce ba wanda ya tuna. Da na ɗaga kai wani lokaci sai na ga baƙon makaɗin ya bar gangar shi a gindin ɗorawa, yana biye da amalanken yana sauraro, leɓen shi na motsi.

Ku da kuke tambaya ko ya kamata a sa abu mai tsada cikin inji, in don ciniki ne Malam Sule ke da gaskiya, kuma har ya rasu ina faɗa mashi haka. Akwatunan nan ko ɗaya bai sayu da daraja ba, na ƙarshen ma matata ta mayar da shi ma'ajiyar kwanoni. Sai dai duk sanda na faɗa mashi, cewa yake, “Ƙyale ni da wannan gaskiyar, Malam Iro, ba ni so.”

Da la'asar saura kunya kaɗan a gama gonar, Baba Nomau ya buga taken Sarkin Noma, wanda ya ɓoye tun safe. Ƙaton nan ya tsaya cak. Ya yi kirari har muryar shi ta dushe, ya duƙa ya cinye sauran kunyar shi kaɗai, ƙasa na tashi ta bayan shi. Da ya kai iyaka ya yar da garma, ya nufo mu yana haki, laka har gwiwa. Na saki waya, wuri ya yi tsit. Al'ada ce a ba makaɗi goro a gaban kowa. Ya zaro babban farin goro daga lalitar shi. Baba Nomau ya maƙale gula a hammata, ya miƙa hannun dama, don ko yaron goye ya san ba a karɓar kyauta da hagu.

Sarkin Noma bai ba wannan hannun ba. Ya durƙusa a cikin laka, ya kwance ƙyallen da Inna Kande ta ɗaura, ya ɗago hannun hagun a hankali, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya sa goron a tafin, ya rufe su da nashi hannuwan biyu.

Ya ce, “Baba, wannan shi ya fi wahala yau. Nashi ne.”